Panguitch a Alƙaluma: Garin da Sanyi Ya Yanka wa Iyaka

A ƙidayar Amurka ta 1940 an sami mutum 1,979 a garin Panguitch da ke kudancin jihar Utah. Bayan shekara tamanin, a ƙidayar 2020, mutum 1,725 aka samu. Garin ya ragu da mutum 254 ke nan, a daidai zamanin da jihar da yake cikinta ta tashi daga mutum 550,310 zuwa 3,271,616, ninki kusan shida. Da Panguitch ya bi sahun jiharsa, da yau ana maganar mutum 11,700 da 'yan kai.

Wanda ya tsaya a nan zai ce gari ne da ya mutu a tsaye. Amma a nan hedikwatar gundumar Garfield take, da kotunta da asibitinta da gidan yarinta, kuma babbar hanya mai lamba 89 ta tsakiyarsa ta ratsa, motocin 'yan yawon buɗe ido na bin ta tun daga bazara har kaka. Sana'ar da ke ciyar da garin ta canza har sau biyu a cikin shekarun nan, daga kiwon tumaki zuwa yankan katako zuwa karɓar baƙi, amma yawan bakunan da ake ciyarwa ya ƙi gusawa. Dalilin wannan taurin kai nake so mu bi, lamba bayan lamba.

Mita 2,019

Tsayin garin ke nan daga matakin teku, ƙafa 6,624. Wasu littattafan tarihin yankin sukan rubuta ƙafa 6,666, ina jin don ta fi daɗin faɗa da sauƙin riƙewa. Bambancin bai wuce mita 13 ba, kuma a garin da ke kan gangare duka biyun za su iya zama daidai, gwargwadon inda aka kafa ma'auni. Don a kwatanta, Jos da muke yi wa kirarin sanyi tana wajen mita 1,200 ne.

Ƙa'idar da masana yanayi ke aiki da ita ita ce, duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5. Birnin St. George da ke kusurwar kudu maso yammacin jihar yana wajen mita 820, saboda haka tsayi kaɗai ya ba shi ratar kusan digiri 8 a kan Panguitch. Sai kuma wata matsala ta biyu da ma'aunin tsayi ba ya nunawa. Garin a cikin kwari yake, tsakanin manyan tuddai: Markagunt a yamma, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 3,400, da Paunsaugunt da Sevier a gabas. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. Da dare ya yi sai ta gangaro daga tuddan nan ta kwanta a gindin kwarin kamar ruwa a ƙwarya, ta daskarar da raɓar da ke kan ganye. Wannan ƙanƙarar asuba takan kai har tsakiyar Yuni ba ta ɗauke ba, ta kuma dawo tun farkon Satumba. Kwanakin da manomi zai kwana da kwanciyar hankali a shekara ba su cika wata uku ba. A watan Janairu kuwa, ma'aunin dare yakan sauka ƙasa da digiri 10 a ƙarƙashin sifili.

Ruwan sama ma ba a cewa komai. Idan aka haɗa ruwa da dusar ƙanƙarar da ke sauka a garin aka auna, wajen milimita 250 ne a shekara. John Wesley Powell, masanin ƙasa da gwamnatin Amurka ta tura ya binciki yammacin ƙasar, ya rubuta a rahotonsa na 1878 cewa noma ba tare da ban ruwa ba yana bukatar inci 20, wato kimanin milimita 500. Panguitch na samun rabin haka. Gonakinsa da dusar da ta taru a kan tuddai da hunturu suke rayuwa, idan ta narke ta biyo rafin Panguitch da kogin Sevier. Shi kansa kogin ba ya kaiwa teku. Arewa yake nufa, manoma na tare shi gari bayan gari, har ya ƙare a wani tafki da galibin shekaru a bushe yake.

To me ya kai mutane nan?

Iyali 54, maza 7

Waɗanda suka kafa garin mabiya cocin da Joseph Smith ya assasa ne a jihar New York a 1830, waɗanda duniya ta fi sani da Mormon, ko da yake tun 2018 shugabanninsu suka roƙi a daina kiran su da wannan laƙabi. An kashe Smith a Illinois a 1844. Brigham Young ya ja ragamar hijira, suka sauka a kwarin Salt Lake a Yulin 1847. Kafin layin dogo ya iso a 1869, mutum tsakanin 60,000 da 70,000 sun ratso sahara da duwatsu zuwa can, wajen 3,000 daga cikinsu suna jan kayansu a kurar hannu don ba su da kuɗin shanu.

Young bai bar jama'a su taru wuri ɗaya ba. Sai a kira sunayen magidanta a taron coci, a ce an ba su aikin kafa gari a kwari kaza. Kafin rasuwarsa a 1877 an kafa garuruwa da ƙauyuka sama da 350 ta wannan hanya. Lissafin a fili yake: wurare masu ɗumi da ruwa su aka fara cinyewa, baƙi kuma ba su daina isowa daga Ingila da Denmak ba. Duk garin da aka kafa a makare, sama ya hau. Parowan, uwar garuruwan kudu, an kafa shi a 1851. Bayan shekara goma sha uku ya cika ya batse, sai a watan Maris na 1864 iyali 54 daga nan da maƙwabtansa suka haura tudu zuwa gabas. Idan muka ƙaddara mutum biyar ko shida a kowane iyali, jama'ar wajen 300 ce.

Jagoransu Jens Nielson ne, mutumin Denmak. Yana cikin ayarin kurar hannu na Willie da dusar ƙanƙara ta ritsa da shi a hanya a 1856. Ɗansa ya mutu a tafiyar, ƙafafunsa suka daskare har matarsa ta ɗora shi a kura ta ja, ya kuma ƙare rayuwarsa yana ɗingishi. Mutum ne da ya san sanyi a jikinsa, amma shi aka zaɓa ya kai jama'a kwarin da ya fi sauran sanyi. Da farko sun raɗa wa garin suna Fairview. Daga baya aka koma ga sunan da 'yan ƙasa, ƙabilar Paiute, ke kiran tafkin da ke kudu maso yamma da shi, Panguitch, ma'ana babban kifi. Ana furta shi kamar Fangwic, da harafin farko mai ƙarfi irin na Turawa.

Suka gina ganuwa, suka haƙa hanyoyin ruwa, suka shuka alkama. Ƙanƙarar asuba ta riga girbi. Alkamar ta daskare tun ba ta nuna ba, ta ƙi niƙuwa, sai dai a dafa ta haka nan a ci. Da hunturu ya tsananta, wuraren samun gari biyu ne: Gunnison a arewa, mil 115, kimanin kilomita 185, ko Parowan a yamma, mil 40, kimanin kilomita 64, amma ta kan tudun da dusa ta rufe. Maza bakwai suka zaɓi gajeriyar hanya, da amalanke da takarkarai biyu.

Labarin da jikokinsu suka gada shi ne, a kwarin Bear dusar ta yi zurfin da shanu suka kasa gaba, mutum ma idan ya taka sai ya nutse. Suka shimfiɗa bargo a kan dusar suka durƙusa addu'a, irin bargon nan da matansu ke ɗinkawa da ƙyallaye a cusa ulu ko auduga a tsaka. Sai suka lura bargon bai nutse da su ba. Daga nan suka riƙa shimfiɗa ɗaya a gaban ɗaya, su taka, su ɗauko na baya su jefa gaba, har Parowan, suka kuma komo da garin alkama. Masu ba da labarin suna kallonsa a matsayin amsar addu'a. Mai lissafi zai ƙara da cewa tafin ƙafa yana tara nauyin mutum a wuri ɗan ƙarami, bargo kuwa yana baza shi, dabarar da raƙumi ke tafiya da ita a kan rairayi. Ni dai abin da ya fi tsaya mini shi ne yawan sunkuyon. Bargo bai fi mita biyu ba. Ko da kilomita goma kacal suka yi a haka, shimfiɗa 5,000 ke nan, da yunwa a ciki.

Sifilin da ba sifili ba

A ƙidayar 1870 babu Panguitch. Tun watan Mayun 1866 aka kwashe kowa, saboda yaƙin da ake kira na Black Hawk, wanda ya ɓarke a 1865 tsakanin baƙin nan da mayaƙan ƙabilar Ute ƙarƙashin Antonga, har ya kai 1872 bai gama lafawa ba. Shekara biyar gidajen na rufe.

Littattafai sukan ce kwarin ya koma kango. Wannan sifili na masu riƙe da alƙalami ne, domin Paiute suna nan kafin 1864, suna kamun kifi a tafki, suna tara 'ya'yan ciyawa da na itatuwan tudu, kuma babu wanda ya ƙidaya su. Iyali 54 da garkensu a kan maɓuɓɓugan ruwan wasu suka sauka, shanunsu suka cinye ciyawar da 'ya'yanta ne abincin masu wurin. Yunwar da ta kori maza bakwai zuwa Parowan ta shiga tarihi har ana yi mata biki. Yunwar da zuwansu ya jawo wa Paiute ba ta sami mai rubutawa ba.

Akwai kuma lambar da aka daɗe ana kauce wa faɗa. A watan Afrilun 1866, a Circleville, tafiyar kilomita arba'in da wani abu arewa da Panguitch a bakin kogin nan dai, mazauna garin suka kama Paiute na zuriyar Koosharem bisa zargin suna haɗa baki da mayaƙan Ute. Suka kashe kusan mutum 30, maza da mata da yara, sai ƙananan yara ƙalilan aka bari. Sai a 2016, bayan shekara 150, aka kafa dutsen tunawa da su a garin. Gwamnatin tarayya ma ta soke amincewarta da Paiute na Utah a matsayin ƙabila a 1954, ba ta mayar ba sai 1980.

Hawa da sauka

A 1870 Young ya ratsa kwarin ya ce a koma. Aka ba George W. Sevy jagoranci, aka buga sanarwa a jaridar coci, Deseret News, suka iso a watan Maris na 1871 suka tarar da gidajen a tsaye. Wannan karon sun koyi darasi: ƙasar ta ciyawa ce da dabba.  A 1882 aka yanke gundumar, aka kusa sa mata sunan wani jigon coci, Erastus Snow, wanda sunansa da Turanci ke nufin dusar ƙanƙara, kuma da ya dace ƙwarai. Gwamnan yankin ya fi son a karrama shugaban ƙasa James Garfield da aka harbe a 1881, haka aka yi.

Tsarin garin shi ne wanda Smith ya zana tun 1833: tituna masu faɗi a miƙe kamar layin dara, gidaje a dunƙule a tsakiya, gonaki a bayan gari. Sauran Amurkawa na lokacin kowa a tsakiyar gonarsa yake gina gida, nesa da maƙwabci. A nan kuwa ruwa ya hana haka, don hanyar ruwa ɗaya ce, gayya ce ta haƙa ta, kuma akwai mai rabo da ke faɗa wa kowa ranarsa da sa'arsa. Bishop, wanda ba albashi yake karɓa ba, shi ne shugaban ibada kuma mai sasanta rigima, shi ke karɓar kashi ɗaya cikin goma na amfanin kowa, sau da yawa da hatsi ko ƙwai ko ɗan maraƙi. Kuɗi sun yi ƙaranci har ma'aikatan wurin gasa bulo da bulon ake biyan su. Shi ya sa talaka ma ya gina gidan jan bulo, kuma gidajen nan ne suka sa aka shigar da tsakiyar garin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 2006.

Ga yadda ƙidaya ta tafi daga nan. A 1910 mutum 1,338 ne. A 1940 aka kai ƙololuwa, 1,979. A 1950 aka faɗo 1,501, a 1970 aka kai ƙasa, 1,318. Sai 1,623 a 2000, da 1,520 a 2010, da 1,725 a 2020.

A lura da abu biyu. Na farko, lambar 1970 ta gaza ta 1910 da mutum 20, shekara sittin kamar ba a yi ba. Na biyu, ƙololuwar 1940 ba alamar arziki ba ce. Shekarun 1930 na karayar tattalin arzikin duniya ne, babu aiki a birni, sai samari suka zauna gida inda aƙalla akwai madara da dankali. Yaƙin duniya na biyu na buɗe ƙofa suka fice: aikin soja, sansanin jiragen sama na Hill kusa da Ogden, masana'antar ƙarfe ta Geneva kusa da Provo da ta fara aiki a 1944, da jihar Kalifoniya. Cikin shekara goma garin ya rasa mutum 478, kusan ɗaya cikin kowane huɗu. A ganina kuskure ne a auna Panguitch da 1940. Idan aka cire wannan shekara, duk sauran lambobin ƙarni guda suna tsakanin 1,300 da 1,750, kuma wannan shi ne ainihin cikin kwarin.

Ba haihuwa ce ta yi ƙaranci ba. Mormon mutane ne masu yawan iyali, Utah ta daɗe a sahun gaba a Amurka wajen haihuwa. Gonar da ta ciyar da uba ce ba ta rabuwa gida shida, tunda ruwan bai ƙaru ba, kwanakin ɗumi ma haka. Ɗaya ya gaji gona, biyar su kama hanya. Abin da garin ya fi fitarwa tun kafuwarsa 'ya'yansa ne.

Ina suka tafi? A 1940 St. George na da mutum 3,591, bai ma ninka Panguitch biyu ba. A 2020 yana da 95,342, ya ninka shi 55. Cedar City, a ɗaya gefen tudun Markagunt, ya tashi daga 4,695 zuwa 35,235. Na'urar sanyaya ɗaki ta mai da zafin St. George abin da za a iya zama da shi, tsofaffi masu fansho suka yi ta tururuwa don gudun hunturu. Hanya ma ta yi nata. Layin dogo da ya biyo kogin Sevier a Marysvale ya tsaya a 1900, tafiyar kimanin kilomita 80 arewa, bai taɓa isowa ba, alhali Cedar City ya sami nasa a 1923. Da aka zo shimfiɗa babbar hanyar tarayya mai lamba 15, ta yammacin tudu aka bi da ita, ta Parowan da Cedar City da St. George. Tudun da ya tare maza bakwai shi ya tare kwalta.

Kashi 90 da kashi 5

Gundumar Garfield na da faɗin murabba'in kilomita 13,400, kimanin kashi biyu cikin uku na jihar Kano. Mutanenta a 2020 su 5,083 ne, kusan mutum ɗaya a kowane murabba'in mil, kuma ɗaya cikin uku a Panguitch yake. A 1940 su 5,253 ne. Gundumar ma ba ta motsa ba.

Mai karatu zai ce ai ga fili nan. Filin ba nasu ba ne. Wajen kashi 90 cikin ɗari na ƙasar gundumar mallakar gwamnatin tarayya ce, a hannun hukumar gandun daji da ta kula da filaye da ta wuraren shaƙatawa. Wajen kashi 5 na jiha ne. Abin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane bai wuce kashi 5 ba, murabba'in kilomita 670 ke nan, mafi yawa siririn zare ne a bakin rafuka.

Asalin wannan ma lissafi ne. Dokar 1862 ta ce duk wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara biyar, eka 160 ta zama tasa. A jihohin gabas masu ruwa wannan gona ce ta gaske. Powell ya ce a busasshiyar ƙasa makiyayi na bukatar eka 2,560, ninki 16, majalisa ba ta saurare shi ba. Saboda haka mutane suka karɓi takardar wuraren da ruwa ke kaiwa kawai, suka bar tuddai da hamada a matsayin makiyayar kowa da kowa. Tumaki suka yi yawa har suka zaftare ciyawa, Utah kaɗai na da sama da miliyan biyu a wajen 1930. Dokar Taylor ta 1934 ta kawo izini da kuɗin kiwo, dokar 1976 kuma ta ce filin ya zauna a hannun tarayya ke nan. Yau tumakin jihar ba su kai 300,000 ba.

Kuɗin kiwon ba shi da yawa. Mafi ƙarancinsa dala 1.35 ne a wata kan saniya da ɗanta, kuma shekaru da dama a nan ya tsaya, alhali makiyayar mai zaman kansa ta ninka haka fiye da goma. Inda takalmin ke matsewa shi ne haraji. A Amurka harajin fili da gida ke riƙe makarantu da hanyoyin gunduma, ƙasar tarayya kuwa ba a karɓar haraji a kanta. Tun 1976 Washinton na biyan wani abu a madadi, amma majalisa ce ke yanke adadin, gunduma sai dai ta jira. Haka nan masana'antar katakon da ta riƙe garin bayan tumaki, itacen dajin tarayya take yanka. Da aka rage izinin sara, ta rufe a tsakiyar shekarun 1990. A Satumban 1996 kuma shugaba Clinton ya keɓe eka miliyan 1.7 a wannan gunduma da maƙwabciyarta Kane a matsayin wurin tarihi na Grand Staircase-Escalante, ya kuma yi sanarwar daga jihar Arizona, abin da mutanen yankin ba su manta ba. Trump ya rage kusan rabinsa a 2017, Biden ya mayar a 2021.

Baƙi 500 ga kowane ɗan gida

Tafiyar kimanin kilomita 40 kudu maso gabas akwai Bryce Canyon, wani kwazazzabo mai dubban ginshiƙan jan dutse da sanyi ya sassaƙa. Ruwa ya shiga tsaga da rana, ya daskare da dare, ya faɗaɗa, dutse ya tsage, haka kusan dare 200 a shekara. Ƙanƙarar da ta kashe alkamar 1864 ita ta ƙera abin da garin ke sayarwa yau. Sunan na Ebenezer Bryce ne, maƙerin jiragen ruwa daga Sikotlan da ya zauna a gindin wurin daga 1875 zuwa 1880. An mai da shi gandun shaƙatawa na ƙasa a 1928. A 2016 baƙinsa suka haura miliyan biyu karon farko, a 2018 suka kai 2,679,478. A raba da mutanen gundumar, kowane mazauni ya sami baƙo sama da 500.

Lamba ce mai ruɗi. Ana ƙirga shiga ne a bakin ƙofa, mafi yawa kuma wuni ɗaya suke yi su wuce. Masu kwana da yawa a otal-otal ɗin bakin ƙofar gandun suke sauka, inda aka yi wa wurin rajistar gari mai zaman kansa a 2007. Sannan baƙin ba a shimfiɗe suke a shekara ba, daga Mayu zuwa Oktoba suke cunkushewa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na ayyukan albashi a gundumar na masauki ne da abinci, kuma da dusa ta sauka wurare da yawa sai su rufe. Rashin aikin yi a Garfield yakan haura kashi 10 a tsakiyar hunturu ya faɗo da rani, shi ya sa matsakaicin shekara ke sa gundumar a sahun gaba a jihar. Aikin wata shida yana ciyar da saurayi, amma da wuya ya riƙe magidanci mai 'ya'ya huɗu.

Nan ne gardamar yankin take. A 2015 hukumar gundumar ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda raguwar ɗalibai, tana nuna sakandaren garin Escalante da ta sauko daga yara wajen 150 a 1996 zuwa wajen 50. Suka ɗora laifin kan keɓe filaye. Masu goyon bayan keɓewar suka ce a duba ƙidaya: gundumar na da mutum 3,980 a 1990, ta kai 4,735 a 2000, ta kai 5,172 a 2010. Kowane ɓangare gaskiya ya faɗa, abin da suke ƙirgawa ne daban. Iyalin mai yankan katako ya tashi da yaransa, tsoho mai fansho da matarsa suka sayi gidan. Kawuna sun ƙaru, aji ya zama wayam.

Ƙarin mutum 205 da Panguitch ya samu tsakanin 2010 da 2020 ma yana son a yi masa tambaya. A wannan shekara goma gundumar gaba ɗaya ta ragu da mutum 89. Idan aka cire Panguitch, sauran garuruwa da ƙauyuka sun sauko daga 3,652 zuwa 3,358, asarar mutum 294. Alama ce ta cewa hedikwata na tsotsar ƙauyukanta, yadda St. George ke tsotsar ta. A kuma tuna cewa ƙidayar Amurka na lissafa ɗan kurkuku a inda yake tsare, kuma gidan yarin gundumar na karɓar fursunonin jiha bisa kwangila. A birnin mutum dubu ɗari ba za a ji wannan ba. A garin da bai kai dubu biyu ba, mutum goma sha bakwai kashi ɗaya ne cikin ɗari.

Ranar 1 ga Afrilu ake ɗaukar ƙidaya, sau ɗaya a shekara goma. A lokacin gidajen hutu na bakin tafkin Panguitch, can sama a wajen mita 2,500, a kulle suke, ma'aikatan rani ba su iso ba, bikin tunawa da tafiyar barguna kuma sai watan Yuni. A wannan rana dai, amma kowace shekara, masu auna ruwa a yammacin Amurka ke duba nauyin dusar da ta taru a kan tuddai, don a wajen nan take kaiwa ƙarshen taruwarta. Daga abin da aka gani a kan Markagunt mai rabon ruwa zai san ko sa'o'in kowa za su cika, manomi kuma ya san ko zai sami yankan ciyawa na biyu ko kuwa ya fara neman mai sayen maruƙa tun kafin kaka.